Igiyar da Ba Ta Yi Tafiya Ba

Ranar Laraba da hantsi, a watan da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, igiyar ƙarfen injin da ke haƙa mana rijiyar burtsatse ta tsinke a filin bayan masallacin Kabara. Ana cikin zura bututu ne, irin na ƙarfen nan da ake jerawa a rami don kada ya rufta. An haɗa na goma sha biyu, an ɗaga jerin gaba ɗaya za a sauke, sai aka ji ƙara kamar ta bindiga. Bututun suka sulale ƙasa, bakin igiyar kuma ya dawo ya zabge wani ma'aikaci mai suna Mustafa a ƙwauri. Ƙashi ya karye.

Kafin a isa da shi wurin mai ɗori, unguwa ta gama shari'a. Haka muke, ba ma jiran shaida in dai muna da wanda muke so mu zarga. Aka ce igiya mai kaurin babban yatsa ba ta tsinkewa don kanta, gurza ta aka yi da magagari. Aka ce ba kowa ba ne sai Ɗantani mai haƙar rijiya, wanda ya shekara talatin da biyar yana haƙa wa gidajen unguwar nan da hannu, kuma tun ranar da injin ya iso yake faɗa a majalisa cewa shi bai yarda da ramin da mutum ba zai iya shiga ya duba ba. Ladan ya ce ya gan shi a filin bayan sallar asuba. Aka zazzage jakarsa, ga magagari.

Mutanen da suka sha ruwan rijiyoyinsa tun suna goye, su ne suka ɗauko duwatsu. Mai unguwa Salihu ya ja shi cikin zaurensa ya rufe ƙofa, ya ce gobe Alhamis bayan la'asar zai miƙa shi ga 'yan sanda, sai fa in wani abu ya bayyana kafin nan. Sannan ya aika Ƙofar Ɗan Agundi a kirawo Malam Hammadu.

Hammadu Bafillace ne, jikan makiyaya, amma a birni ya tsufa. Da ƙuruciyarsa in an sace shanu shi ake nema, ya bi sawu kwana uku kwana huɗu a daji har ya tsaya a ƙofar ɓarawo. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido dai bai ƙi ba.

*

Ya iso bayan azahar yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin filin, ya dubi ƙasa, ya girgiza kai.

"Mutum nawa kuka shigo nan?"

"Duk unguwa, Malam," in ji mai unguwa.

"Na gani. Har da awaki."

Wani ƙaƙƙarfan mutum mai jajayen idanu ya matso. Nata'ala ke nan, wan Mustafa uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara tara shi ke shugabancin injin, sai wata biyar da suka wuce mai injin ya ɗauko Abdulbaqi, ɗan unguwar nan da ya yi aikin rijiyoyin mai a kudu, ya ɗora shi a kansa.

"Baba, ba sai ka wahalar da kanka ba," in ji Nata'ala. "An gan shi, an ga magagari. Ƙanena na can kwance."

"Allah ya ba shi lafiya. Matsa min daga kan ƙasar."

Hammadu bai nufi injin ba. Ya bi gefen filin, can bayan kwatamin da ake zuba taɓon haƙa, inda kowa ke ƙyamar takawa. Nan ya tsuguna. Sawun ƙafa ne ba takalmi, ta dama ba babban yatsa. Duk Kabara an san wanda dutse ya datse wa yatsan nan a cikin rijiya. Sawun ya fito daga lungun masallaci, ya tsaya a tsibin ƙasar da inji ya fitar, ya nutse a dunduniya alamar an tsuguna, ga gurbin yatsun hannu uku a jikin tsibin. Daga nan ya juya ya koma lungun da ya fito. Tsakaninsa da injin akwai kwatamin, faɗinsa taku huɗu, taɓon ya yi ɓawo a sama, ba abin da ya fasa shi.

"Bai ƙetare ba," in ji Hammadu.

"Zai iya zagayowa ta gaba, inda aka tattake," in ji Nata'ala.

"Zai iya."

Ya sa aka miƙo masa bakin igiyar da ya tsinke. Ya sa tsumma ya goge man giris ɗin da aka shafa mata, ya daɗe yana murza silin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Sun baje, sun yi siriri, kowane ya karye a nasa wurin.

"Igiyar nan ta daɗe tana aiki?"

"Jiya jiyan nan aka gyara ta," Nata'ala ya amsa da sauri. "Aka yanke inda ta gaji, aka jawo sabuwa. Ni na yanke da hannuna. Tambayi Injiniya, ga shi can da fensirinsa."

Yadda ya furta Injiniyan nan, kowa ya san ba girmamawa ba ce. Abdulbaqi, wanda ke tsaye nesa kaɗan da ɗan littafi a hannu, ya ce haka ne, ya ga guntun da aka yanke. Jama'a suka hau guna-guni. To, in jiya aka cire inda ta gaji, me zai tsinka ta yau in ba hannun mutum ba?

*

Hammadu ya sami Ɗantani a ƙuryar zauren mai unguwa, zaune a tabarma, hula a gefe.

"Hammadu, kai ma ka zo kallo?"

"Tambaya na zo. Me ka je yi bakin ƙasar mutane da sassafe?"

Ɗantani ya gyara zama.

"Ɗanɗanawa na je."

"Ɗanɗanawa."

"In ƙasa ta kusa ruwa, harshe na sani. Na ji suna cewa sun wuce dutse, na kasa zama. Na ɗebi wadda suka fitar daga ƙarshe na sa a baki."

"Me ka ji?"

"Ruwa. Mai daɗi kuma, ya fi na duk rijiyar da na taɓa haƙawa." Ya juya fuska bango. "Kwana goma sha takwas, Hammadu. Ni sai in yi wata huɗu ban kai rabin zurfin nan ba. Ba zan ɓoye maka ba, tun da suka fara nake fatan su tarar da busasshen dutse su naɗe kayansu su tafi. Da na ɗanɗana sai da ƙirjina ya yi zafi. Wannan na yi, Allah ya yafe min. Amma igiya? Ni da na shekara talatin da biyar raina na rataye a igiya? Ban taɓa wasa da ta kowa ba."

"Magagarin fa?"

"Da me kake so in wasa diga, da haƙorina?"

Hammadu ya yi ɗan murmushi. "Taka igiyar, yaya kake sanin ta gaji?"

"Ba na jira in sani. Duk rijiyar da ta gama sai in yi mata ƙulli a baki. In ƙulli ya kai biyar na ba mai jaki, ko da tana nan kamar sabuwa. Daga ciki take lalacewa, ido ba ya gani." Ya ɗauki hular ya juya ta a hannu. "Ba 'yan sandan nake tsoro ba. Ni ne namijin da ake buɗe wa gida a Kabara ba a tambaya. In shiga har tsakar gida, mata na daka, yara na wasa a bakin rami. Gobe in aka fita da ni a gaban jama'a, ko sun sake ni jibi, wa zai ƙara buɗe min ƙofa?"

*

Kafin la'asar wata maganar ta fito. A majalisar bakin masallaci aka fara cewa wataƙila Ɗantani ba shi kaɗai ba ne, wataƙila lissafin yaron nan ne ya kwana. Masu faɗar haka, in ka duba, waɗanda 'ya'yansu suka yi wasan ƙasa da Abdulbaqi ne, kuma 'ya'yan nan ba wanda ya taɓa wuce Zariya. Ranar da ya dawo unguwa a kan babur sun yi masa barka da baki, sun kuma ƙirga masa taya da ido.

Hammadu ya same shi a ƙarƙashin darbejiyar filin.

"Baffa, ka ji abin da ake faɗa? Rabi sun ce Ɗantani, rabi sun ce ni. Wai na je kudu na koyo rubutu na manta aiki."

"Mene ne a cikin rubutun?"

"Lambobi ne kawai."

"Ban iya su ba. Faɗa min da baki."

Abdulbaqi ya rufe littafin. "Igiya ba da kwana take tsufa ba, Baffa, da aiki take tsufa. A rijiyar mai, inda rami ke kai mil biyu, abin da ake yi shi ne a ɗauki nauyin da ta ɗaga a ninka shi da nisan da ta kai shi. Tan kaza, tafiya kaza. Kullum a rubuta, a tara. In ya kai adadin da aka sa, ba a tambayar ido. Sai a saki sabuwa daga kwarkwaro a jawo ta gaba, a yanke tsawon gaba goma sha biyu ta bakin gangar da ke naɗe ta, don nan ta fi shan wahala."

"Kamar takarkari. Ba shekarunsa muke dubawa ba, kayan da ya ɗauka da zangon da ya yi."

"Haka yake. To, bututu lissafinsa daban. Sandunan haƙa suna shiga su fito, tafiya biyu ke nan. Bututu shiga kawai yake ba ya fitowa, don haka rabin tafiya ake rubuta masa. Taɓon da ke ramin yana ɗan rage masa nauyi, sai a cire wannan, a ƙara nauyin ƙugiya don ita kullum tana rataye. Amma duk bututun da ka ƙara, nauyin na ƙasa gaba ɗaya yana kan igiya. Na ƙarshe shi ne abu mafi nauyi da za ta ɗaga a rijiyar. Ranar Litinin na haɗa, na ga kafin mu kai rabin bututu lissafinta zai cika. Na ce a yanke Talata tun ba a fara ba."

"Kana wurin aka yanke?"

"Na tafi ɗauko tsakuwar da za a zuba a bayan bututu. Na bar wa Nata'ala. Da na dawo na tambaye shi, ya nuna min ita a naɗe can gefe, duk taɓo."

"Ka taɓa ta?"

Abdulbaqi ya dubi ƙasa. "Ban taɓa ba. Mutumin nan ya ba ni shekara goma, Baffa. Wata biyar ina lallaɓa shi. In na je na duba a gabansa zai ce na mai da shi maƙaryaci."

"In ka yi musu bayanin rabin tafiyar nan, me Nata'ala ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce ashe ma rabi ce."

"Ina guntun yanzu?"

"Ba ma ajiyewa. Duk wanda ya riga roƙa a unguwa shi ake ba. Shanya, ɗaurin dabba, abin da mutum ya ga dama."

*

Daga nan Hammadu ya biya ya gai da Mustafa. Yana kwance a soron gidansu, ƙafa a ɗaure da karare, yana gumi.

"Sannu, ɗana. Me ka gani?"

"Ban ga komai ba, Baba. Ƙara na ji, sai na gan ni a ƙasa."

"Wa ke shafa wa igiya giris?"

"Ni. Amma Talata da yamma Yaya ya ce in bari, shi zai shafa. Ya kuwa lafta mata." Mustafa ya cije baki don zafi. "Allah sarki Yaya, kamar jikinsa ya ba shi. Da safen nan sau biyu yana ce min in matsa daga gaban ganga. Shekara shida muna aiki tare, bai taɓa damuwa da inda nake tsayawa ba. Ban ji maganarsa ba, ga shi."

Hammadu ya yi masa addu'a ya fito. Mai unguwa ya tare shi a hanya yana tambayar ko an samu wani abu.

"Sai gobe. Sawu mara zurfi sai da ranar safe, lokacin da inuwa ke kwanciya a cikinsa."

*

Rana na ɗagowa ranar Alhamis yana filin. Igiyar ƙarfe gaba goma sha biyu ba a saɓa ta a kafaɗa sai ƙato, mai ƙaramin ƙarfi ja yake yi. Ya zagaya injin bai ga alamar ja ba. Sai a bayan motar kaya, inda ake ajiye kayan aiki, ya ga layi a ƙasa kamar hanyar maciji, gefensa ga sawun silifa ƙarami, taku gajere, dunduniyar hagu ta cinye. Ya bi. A kwanar lungu na farko, inda igiyar ta gogi katanga daidai ƙwauri, akwai baƙin shafe. Ya taɓa ya shinshina. Mai ne mai kauri da danƙo, ba irin giris ɗin da ya goge jiya ba. Kwana ta biyu ma haka. A lungu na uku layin ya shige wani ƙaramin gida.

Gidan Uwani ne, tsohuwar Babarbariyar da ke sayar wa ma'aikatan shinkafa da wake. Ya yi sallama.

"Wa nake ji kamar bawana?"

"Ubangidanki ne, ya zo ya ga ko kina aiki."

"Bafillace da bayi? Shigo, amma ba nono a nan."

Yana shiga tsakar gida ta ɗauko zannuwa ta baza masa a fuska. Kowane da baƙin layi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Tunda an ce kai ke binciken mutanen inji, dubi abin da igiyarsu ta yi min. Zani uku. Na jawo ta da ƙyar, na wanke taɓon tas, na ɗaura, rana na bugawa sai ta fara tsatsar baƙin mai. Wadda suka ba ni wata uku da suka wuce, suna aiki wajen Ƙofar Wambai, ba ta yi min haka ba. Ita a bushe take, sai dai ƙaya, duk ta sossoke min hannu. Ga ta can na kewaye wa tunkiya."

Hammadu ya je wurin tunkiyar ya bi tsohuwar igiyar da tafin hannu a hankali. Silin sun baje, sun yi santsi, nan da can wani ya karye ya miƙe kamar ƙaya. Ya dawo wurin ta shanyar ya bi ta daga baki har baki. Kowane sili a cike yake, a mulmule, ba wanda ya kwanta, ba wanda ya karye.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Nata'ala, Talata da yamma. Ban ma roƙa ba. Cewa ya yi in yi sauri in ɗauke kafin wani ya riga ni."

"Ara min su duka biyun."

"Tafi da su. In za ka dawo ka taho da sabulu."

*

Ana idar da la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Ga liman, ga Ɗantani a ƙurya, ga Abdulbaqi, ga Nata'ala ya harɗe hannu a bakin ƙofa. Uwani ta tsaya daga waje ta ce ita zannuwanta ta biyo. Bayanta kuwa unguwa ce gaba ɗaya, an zo ganin fitar Ɗantani.

Hammadu ya sa ma'aikata biyu suka shimfiɗa abu uku a ƙasa: bakin igiyar da ya tsinke, tsohon guntun wurin tunkiya, da guntun shanya.

"Ranka ya daɗe, rufe ido ka bi kowace da hannu."

Mai unguwa ya bi ta farko, ya janye hannu da sauri. Ta biyu ma ta soke shi. Ta uku ya bi ta har ƙarshe, ya buɗe ido yana duban baƙin man da ke tafinsa.

"Wannan ta wurin tunkiya," in ji Hammadu, "ita aka yanke wata uku da suka wuce. Ta yi tafiya, jikinta ya nuna. Wannan da ta tsinke, ta yi tafiya har ta faɗi a hanya. Da magagari ne ya ci ta, da silin sun yanke wuri ɗaya, baki a daidai. Ba su yi ba, gajiya ce ta karya su ɗaya ɗaya. Wannan ta uku kuwa, ita aka ce an yanke ranar Talata daga inda igiya ta fi gajiya. Ni dai na san kofaton saniyar da ta je Falgore ta dawo, na san na ɗan maraƙin da bai bar garke ba. Igiyar nan ba ta taɓa ɗaga ko bokiti ba. Man da ta zo da shi daga inda aka ƙera ta yana nan a cikinta." Ya juya ga Abdulbaqi. "Kuna da wata sabuwa a ajiye?"

"Akwai ƙunshi guda a motar kaya. Ba a buɗe ba."

"A je a dubo."

Ma'aikatan suka tafi suka dawo da shi a rataye a sanda. Buhun da aka naɗe shi an farke, bakin igiyar kuma yana ƙyalli, sabon cin zarto.

Nata'ala ya sauke hannunsa, ya jingina da bango, ya zame har ƙasa.

"Shekara tara," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Shekara tara ban taɓa yanke igiya ba sai idona ya ce ta gaji, kuma ba wadda ta taɓa tsinke min. Ya zo da fensir. Mai inji ya tsaya a gabana ya ce Injiniya yaya aiki, ni kuma sai kai Nata'ala kawo kujera. Na duba igiyar nan Talata, tana sheƙi. Shi da bakinsa ya ce rabin tafiya ce. Na ce bari in bar ta. In an gama zura bututu lafiya, sai in tara ma'aikata da mai inji in ce ku duba, ban yanke komai ba, me ya faru? So nake a yi masa dariya. Sau ɗaya kawai."

"Rabin tafiya da kaya mafi nauyi, Yaya Nata'ala," in ji Abdulbaqi. "Na faɗi wannan ma. Ka riga ka fara dariya." Ya juya ga mai unguwa. "Ni ma da nawa laifin. Da na sa hannu na taɓa ta, da Mustafa na tsaye."

"Wannan tsakaninku ne da mai inji," in ji mai unguwa. Ya dubi Nata'ala. "Ni tambayata ɗaya. Kana tsaye aka ɗauko wa tsohon nan duwatsu. Kai ka fi kowa ɗaga murya. Yau da na miƙa shi, da ka koma gida ka ci tuwo?"

Nata'ala ya sunkuyar da kai. "In na faɗa, me zan ce wa Mustafa?"

Sai Ɗantani ya yi magana daga ƙuryarsa, ba tare da ɗaga murya ba.

"Ni ma na yi wa yaron nan baƙin ciki, ban fi ka ba. Amma ni ƙasa na ɗanɗana, na koma gida da abina. Kai ƙafar ɗan uwanka ka sa."

Mai unguwa ya miƙe, ya ɗauki hular Ɗantani ya miƙa masa, ya kama hannunsa suka fito gaban jama'a. Ya faɗi abin da aka gano a taƙaice. In gaya maka gaskiya, ba wanda ya ce Ɗantani yi haƙuri. Ladan ya ce shi abin da ya gani ya faɗa. 'Yan majalisa suka ce su dama tun farko sun yi shakka. Kowa ya tuna yana da abin yi. Mai unguwa ya bari sai da suka fara juyawa, sannan ya ɗaga murya yadda na can baya zai ji.

"Ɗantani, rijiyar gidana tana son yasa. Gobe ka shigo da kayanka. In ba na nan ma ka shiga, gidanka ne."

Ɗantani ya sa hularsa, ya ce to, Allah ya kai mu. Ya kama hanyar gida.

Maganar 'yan sanda kuwa, mai unguwa ya ce sai abin da Mustafa ya ce, tunda ƙafarsa ce. Amma ba daga bakin wani zai ji ba. Ya sa aka naɗe guntun sabuwar igiyar aka ɗora wa Nata'ala a kafaɗa, ya ce ya kai ta soron gidansu, ya ajiye a gaban ƙanensa, ya gaya masa da kansa daga ina aka yanko ta.

Hammadu ya tsaya a ƙofar zauren yana dogare da sanda, idonsa a ƙasa kamar kullum. Daga zauren mai unguwa zuwa gidan su Nata'ala bai fi taku ɗari biyu ba. Can sai ya taka a hankali yana bin sawun Nata'ala. Taku ashirin na farko irin na ƙato ne mai kaya. Daga nan suka fara gajarta. A bakin lungun ƙarshe ƙafa biyun suka haɗu wuri ɗaya, suka nutse, alamar an daɗe a tsaye. Sannan suka shiga.